America's VetDogs: kare kyauta ne, riƙonsa kuma yana kan soja

Ƙungiyar America's VetDogs tana garin Smithtown a jihar New York ta Amurka. Gidauniyar horar da karnukan jagoran makafi ta Guide Dog Foundation ce ta kafa ta a 2003, kuma aikinta shi ne ba tsofaffin sojoji masu nakasa karnukan taimako ba tare da sun biya ko sisi ba. Sunanta ya fi fitowa a 2018, lokacin da ta ba tsohon shugaban ƙasa George H. W. Bush wani kare mai suna Sully, wanda aka ga hotonsa kwance gaban akwatin gawar maigidansa. Ƙungiyar da kanta ta ce haifar kare ɗaya, rainonsa, horar da shi da haɗa shi da mai buƙata yana cin fiye da dala 50,000, kuma gudummawar jama'a ce ke biya. A ra'ayinmu aikin yana da inganci ƙwarai, amma duk wanda ya ji kalmar "kyauta" ya ɗauka ya huta da kashe kuɗi, bai yi lissafi ba.

Mu fara da karen. Yawancinsu jinsin Labrador ne ko Golden Retriever, ko haɗin biyun. Kwikwiyo yana barin uwarsa yana da kimanin mako 8, ya shafe shekara ɗaya da 'yan watanni a hannun masu raino na sa-kai. Wasu a gidan yari ake rainon su: fursunoni suna koya musu biyayya a ranakun aiki, ƙarshen mako kuma wani iyali ya ɗauke su ya kai su kasuwa da tashar mota, domin su saba da hayaniya, yara da matakalar bene. Bayan nan sai horo na musamman na wasu watanni, gwargwadon larurar wanda za a ba. Mai keken guragu yana samun kare mai ɗauko abin da ya faɗi, mai jan ƙofa da igiya, mai danna maɓallin ƙofar asibiti da hanci. Mai ciwon firgita na bayan yaƙi, wanda likitoci ke kira PTSD, yana samun kare mai yaye masa bargo idan mugun mafarki ya kama shi, mai tsayawa tsakaninsa da cunkoson mutane. Ba kowane kwikwiyo ke kaiwa ƙarshe ba. Ana cire wasu saboda ciwon ƙugu ko gwiwa, ko tsoron ƙara, ko yawan bin zomo da kurege, kuma wannan asarar tana cikin abin da ke ɗaga farashin wanda ya ci jarrabawa.

Neman karen yana da matakai. Soja ya cike takardar nema, ya haɗa da takardar sallama daga aiki mai lamba DD-214 wadda ke nuna an sallame shi cikin mutunci, da rahoton likita mai bayyana larurar. Sai tattaunawa kan gidansa, iyalinsa, sauran dabbobin da ke gidan da yadda yake yini. Idan an amince, sai jira, kuma nan ne babban aibin wannan hidima: jiran yana iya wuce shekara, domin ba a bin layi kawai, sai an sami karen da ƙarfinsa, saurin tafiyarsa da halinsa suka dace da mutumin. Wanda yake cikin matsanancin hali kada ya dakatar da magani ko ganin likitan ƙwaƙwalwa yana jiran kare. Idan lokaci ya yi, ana gayyatarsa horon mako 2 a Smithtown, masauki da abinci a kan ƙungiya.

Daga ranar da aka dawo gida, aljihun soja ya buɗe. Labrador babba yana da nauyin kilo 25 zuwa 36, kuma buhun busasshen abinci mai kilo 13 yakan yi masa wata ɗaya zuwa kwana 40. Akwai maganin tsutsar zuciya da na kaska da ƙuma duk wata, allurar rigakafin haukan kare, yankan farce, wanke kunne, da kuɗin ajiye shi idan maigidan ya kwanta asibiti. Kare yana aiki wajen shekara 8, don haka a ninka lissafin shekara guda sau takwas, a kuma ƙara kuɗin tsufansa idan za a ci gaba da riƙe shi bayan ya daina aiki.

Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, ba ta raba karnuka. Abin da take yi shi ne biyan inshorar lafiyar kare, kayan aikinsa kamar ɗamarar jagora, da kuɗin tafiyar ɗauko shi, idan likitanta ya tabbatar da buƙatar. Abinci, wanka, yankan farce da magungunan da ake saye ba takardar likita ba sa ciki. Sharaɗin da ya fi kayar da mutane shi ne dole karen ya fito daga ƙungiyar da ɗaya daga cikin hukumomin duniya biyu masu tantance masu horar da karnukan taimako, Assistance Dogs International ko International Guide Dog Federation, ta tantance. America's VetDogs tana da wannan tantancewar, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin fifita ta a kan mai horo mai zaman kansa. Wanda ya gaji da jira ya zuba dubban daloli wajen mai horon da ba a tantance ba yana iya samun kare mai kyau, amma duk aikin tiyatar da ya taso shi zai biya. A nemi amincewar VA tun kafin a tafi horo, ta hannun likitan da ke duba mutum. Dokar PAWS da aka sa wa hannu a watan Agusta 2021 ma ta ruɗa wasu: gwajin shekara 5 ne a asibitocin VA guda biyar, inda masu ciwon firgita ke taya horar da karnuka a matsayin magani, ba shirin rabon kare ba ne.

A kiyayi shafukan intanet masu sayar da "rajista" da katin shaida. Dokar kare haƙƙin masu nakasa ta Amurka, ADA, ba ta san wata rajista ba, ba ta ma wajabta sa wa kare riga ba. Mai shago tambaya biyu kawai yake da ikon yi: ko karen na larura ne, da kuma aikin da aka horar da shi ya yi. Jirgin sama ne ke da nasa tsari, domin tun Janairu 2021 kamfani yana iya neman takardar ma'aikatar sufuri da aka cike kafin tafiya.

Matsalolin da suka fi tasowa bayan watanni shida daga gida suke fitowa, ba daga horo ba. Labrador ba ya ƙin abinci. Idan yara suna jefa masa ragowar kwano, zai yi ƙiba, gaɓoɓinsa su gaji, shekarun aikinsa su ragu. A auna abincinsa da kofi, safe da yamma, a riƙa taɓa haƙarƙarinsa: idan sai an danna sosai kafin a ji ƙashi, a rage. Umarnin da ba a maimaitawa kuma yana gogewa, don haka minti 10 zuwa 15 na bita kullum wajibi ne. Sai shafar da baƙin mutane ke yi masa yayin da yake bakin aiki, wadda ke koya masa kallon mutane maimakon kallon maigidansa. Ƙungiyar tana bibiyar waɗanda ta ba kare, kuma ya kamata a kira ta da zarar an ga alamar farko. Gidan Musulmi kuma zai so ya warware batun tsarki da malaminsa tun da wuri, ya ware ɗakin sallah wanda kare ba ya shiga. Wannan umarni ne mai sauƙin koyarwa idan an faɗa wa masu horo tun lokacin tattaunawa.

Wanda larurarsa ciwon firgita ce kaɗai yana iya gwada wata ƙungiyar, K9s For Warriors, da ke Ponte Vedra a Florida, wadda yawancin karnukanta daga gidajen ajiye dabbobin da aka yasar take ɗauko su, horonta kuma mako 3 ne. Mai keken guragu, makaho ko kurma, Smithtown za mu fara nuna masa.