Koton PowerBait ga mai koyon kamun tirawut a tafki: inda yake ci da inda yake gazawa

Duk wanda ya fara neman tirawut, kifin ruwan sanyi da ake kiwo a gidan ƙyanƙyasa sannan a zuba shi a tafki, kafin ya gama tambaya za a miƙo masa ƙaramar kwalba mai ɗauke da wani kwaɓi mai launi da ƙarfin wari. PowerBait ke nan, na kamfanin Berkley, wanda Berkley Bedell ya kafa a Spirit Lake ta jihar Iowa a Amurka a 1937. Koton kansa ya shigo kasuwa a 1988. Hukuncinmu a kansa shi ne: ga kifin da bai daɗe da barin gidan ƙyanƙyasa ba, da wuya sabon shiga ya sami koton da ya fi shi saurin kawo kifi. Amma sai an ɗaura shi yadda zai tashi sama, kuma sai mai fatsar ya yi niyyar tafiya gida da abin da ya kama.

Kwalbar da aka fi sani tana da nauyin giram 50. Abin da ke ciki mai laushi ne, yana murzuwa a yatsa ba tare da ya farfashe ba, kuma idan aka jefa shi a ruwa ba ya nutsewa. Wannan tashi saman shi ne rabin darajarsa. Ɗaya rabin kuwa tarihin kifin ne. Tirawut mai launin bakan gizo, wanda shi aka fi zubawa a tafkuna, yakan shafe watanni a kwamin siminti yana cin ƙwayoyin abinci da ake watsa masa. Bai taɓa farautar ƙwaro ko ƙaramin kifi ba. Idan aka sake shi a tafki ya ga ɗan curi mai ƙamshi yana lilo a gabansa, ba ya dogon tunani.

Launuka suna da yawa har suna rikita mai saye: tsanwa, ruwan lemo, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, mai launi uku a cakuɗe, mai ƙyalƙyali, mai warin tafarnuwa. Kwalba biyu sun isa a fara. A ɗauki tsanwa ko mai launuka a cakuɗe saboda ruwa mai dauɗa, sannan ɗaya mai warin tafarnuwa. Masunta suna yawan gardama kan launi, mu dai a ganinmu zurfin da koton yake tsaye ya fi launinsa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Wajen haɗa kayan fatsa ne aikin yake, don haka za mu daɗe a kai. Sandar da ta dace ita ce mara nauyi mai laushin baki, tsawon mita 1.8 zuwa 2.1, da ƙaramin injin naɗe zare mai lamba 1000 zuwa 2500. Babban zare ya zama mai ɗaukar fam 4 zuwa 6, wato kilo biyu zuwa uku a ƙiyasce. Da farko a zura zaren ta cikin dalma mai siffar ƙwai wadda ke da huda a tsakiya, mai nauyin giram 7, ko giram 10 idan ana son jifa mai nisa ko akwai iska. Dalmar ba a ɗaure ta, ana barin ta tana zamewa a jikin zare. Bayanta a saka ɗan ƙaramin dutsen ado na roba, sannan a ɗaura mahaɗin ƙarfe mai juyawa. Aikin dutsen robar shi ne ya hana dalma dukan ƙullin a kowane jifa, domin dukan yana cinye zare a hankali har ya tsinke ranar da babban kifi ya kama. A ɗaya kunnen mahaɗin a ɗaura guntun zare siriri mai ɗaukar fam 4, tsawon santimita 45 zuwa 90, a ƙarshensa kuma ƙugiya.

Ƙugiyar ita ce inda yawancin masu koyo suke ɓata komai. A lambobin ƙugiya, babbar lamba tana nufin ƙaramar ƙugiya. Mai baki uku lamba 14 zuwa 18 ita ta fi riƙe kwaɓin, mai baki ɗaya kuma lamba 8 ko 10 na siririn ƙarfe. Wanda ya ɗauko ƙugiya lamba 4 mai kauri ya kashe koton tun bai jefa ba, saboda nauyin ƙarfen zai rinjayi kwaɓin ya kwantar da shi a cikin laka da ciyawa. Mutum zai zauna awa uku yana cewa babu kifi, alhali kifin yana wucewa rabin mita a saman kotonsa bai gan shi ba.

A ɗebo kwaɓi kamar girman ƙwayar wake babba, a mulmula shi a tafin hannu, a tura ƙugiyar ciki, a matse har ƙarfen ya ɓace gaba ɗaya kuma babu tsaga a jikin curin. Tsaga ita ce ƙofar da ruwa zai bi ya raba shi da ƙugiya. Daga nan sai gwajin da bai kamata a tsallake ba ko sau ɗaya: a sauke ƙugiyar a ruwan bakin gaɓa inda ido ke ganin ƙasa. Dalma ta zauna, zaren ya miƙe sama, curin ya tsaya yana ɗan rawa. Idan ya kwanta, a ƙara kwaɓi ko a rage girman ƙugiya. Gwajin bai kai daƙiƙa goma ba.

Tsawon guntun zaren shi ke yanke zurfin da koton zai tsaya. A ƙasa mai tsakuwa ko yashi santimita 45 ya wadatar. Idan ƙugiya tana dawowa da ciyawa, a ƙara zuwa 90, har 120 a tafkin da ciyawa ta yi tsayi. Akwai masu son zaren fulorokabon a nan saboda kifi ba ya saurin ganinsa, amma ya fi zaren nailan nauyi a ruwa, don haka mai amfani da shi ya ɗan ƙara girman curin. Kowane ƙulli a jiƙa shi kafin a ja shi ya ɗaure. Busasshen zare yana zafi wajen ja, zafin kuma yana raunana shi daidai wurin da ake bukatar ƙarfinsa.

Aibin farko na PowerBait yana fitowa wajen jifa. Ba ya jure fizga. Wanda ya kaɗa sanda da ƙarfi zai ga dalma ta nufi gabas, curin ya nufi yamma, kuma sau da yawa ba ya ma lura, sai ya zauna gadin ƙugiya tsirara. Jifan ya zama a hankali, a bar nauyin dalma ya lanƙwasa sanda ya kai zaren. Ba a ma bukatar nisa sosai. Kifin da aka zuba kwanan nan yana yawo ne a garke kusa da gaɓa, cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya zuwa uku, galibi ba nesa da inda motar ta juye shi ba. Jifan mita goma zuwa ashirin yakan fi na mita arba'in. Ga mai fama da matsalar faɗuwar curi wajen jifa, kamfanin yana da wasu nau'o'in masu tauri, kamar ƙananan curi da aka riga aka mulmula, da Power Eggs, da Mice Tails na roba. Sun fi zama a ƙugiya, sai dai ba sa sakin wari kamar kwaɓin.

Bayan dalma ta zauna, a naɗe zare har ya kusa miƙewa, a bar ɗan sako-sako, a ɗora sandar a kan reshe mai baki biyu ko mariƙin ƙarfe. Kar a ja koton a ƙasa, jan yana tara ciyawa ya goge kwaɓin. Amfanin dalma mai zamewa shi ne kifi zai ɗauki curin ya tafi, zaren ya bi ta cikin hudar, bai ji nauyi ba. Cizon yakan fara da ƙananan girgiza biyu ko uku a bakin sanda, sai zaren ya fara miƙewa. A wannan lokacin ake ɗaga sanda, ɗagawa mai santsi ba fizga ba. Bakin tirawut yana da laushi kuma zaren fam 4 ba ya yafe gaggawa. Birkin injin a sassauta shi tun farko yadda zaren zai fita idan aka ja shi da hannu da ɗan ƙarfi. Idan minti ashirin ya wuce shiru, a naɗo a duba koton, a sauya nisa ko kusurwa. Idan awa guda ta wuce, a tashi a sauya wuri.

Aibi na biyu ya fi nauyi, kuma shi ne dalilin da ya sa ba za mu ba kowa shawarar wannan koto ido rufe ba. Tirawut yana haɗiye shi. Tun da ana barin zare sako-sako kuma kifin ba ya tofar da abin da ya yi masa daɗi, ƙugiyar takan sauka can cikin maƙogwaro ko ciki, musamman mai baki uku. Irin wannan kifin idan aka tsaya ciro ƙugiya aka mai da shi ruwa, sau da yawa mutuwa yake yi, ko da ya yi iyo ya tafi a gaban idonka. Saboda haka PowerBait koton mai kai kifi gida ne. Wanda ya cika adadin da doka ta yarda masa ya naɗe zarensa ko ya koma wani salo. A jihar Washington ta Amurka ma doka ta tanadi cewa tirawut ɗin da aka kama da koto a tafki yana shiga lissafin adadin ranar, ko an riƙe shi ko an sake shi. Idan ya zama dole a saki kifin da ya haɗiye ƙugiya, a yanke zaren dab da bakinsa a bar ƙugiyar a ciki, hakan ya fi tono. A jiƙa hannu kafin a taɓa shi, domin busasshen hannu yana kwashe yauƙin da ke kare fatarsa.

Maganar doka ba ta tsaya nan ba. A ƙasashe da yawa ana neman lasisin kamun kifi, wasu wurare da ƙarin izini na musamman don tirawut. Akwai ruwayen da aka ware wa ƙugiyar gashi mai kwaikwayon ƙwaro ko koton ƙarfe kawai, kuma a can kwaɓi mai ƙamshi haramtacce ne ko da ba daga halitta aka samo shi ba. Tafkunan tirawut da yawa a Ingila irin waɗannan ne. A Ingilar kuma tun 1987 an hana amfani da dalma mai nauyi tsakanin giram 0.06 da 28.35 saboda tsuntsayen ruwa suna haɗiye ta suna mutuwa, don haka ana amfani da wasu ƙarafa a madadinta. A karanta dokar tafkin kafin a buɗe kwalba.

Sai kuma iyakar lokacinsa. Ƙarfin PowerBait yana cikin makonnin farko bayan zuba kifi. Kifin da ya tsira ya yi watanni a tafki yakan koma cin ƙwari da ƙananan kifaye, ya fara wuce kwaɓin. Tirawut mai launin ruwan ƙasa da wanda aka haifa a ruwan ba su cika kula shi ba. A kansu tana, wato tsutsar ƙasa, ta fi, haka ƙananan koton ƙarfe masu juyawa irin Mepps, Panther Martin da Rooster Tail, ko Kastmaster, koton ƙarfe mai kama da cokali. Zafin ruwa ma yana yanke hukunci. Tirawut ya fi cin abinci a ruwa mai digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salsiyos. Da zarar saman tafki ya haura 20 sai ya gangara ruwa mai zurfi da sanyi, inda jifa daga gaɓa ba ya kaiwa. A irin wannan yanayi sai asuba ko dab da faɗuwar rana, a kuma nemi bakin rafin da ke shigowa tafkin ko gaɓa mai gangara sosai.

Ajiyarsa ba wuya. A rufe murfin da kyau bayan kowace ɗiba, a kuma kau da kwalbar daga rana. Wadda aka bari a buɗe takan yi ɓawo a sama, kwaɓin ya riƙa farfashewa ya ƙi zama a ƙugiya, a zafi kuma ya yi laushin da ba ya riƙuwa. Yana maƙalewa a yatsu da mariƙin sanda, warin tafarnuwar kuma yana daɗewa, don haka tsumma yana cikin kayan aiki. Wasu suna ɗiba da ɗan tsinke don kada warin man shafawa ko na maganin sauro ya shiga kwalbar, dabara ce mai kyau.

Abin da ya rage mana a kansa shi ne bai koyar da neman kifi. Yana koya wa mai koyo ɗaurin ƙulli, daidaita birki, karanta bakin sanda da jawo kifi cikin koma ba tare da zare ya tsinke ba, waɗannan kuma ba ƙananan darussa ba ne. Amma salo ne na zama da jira. Wanda yake son ya san inda kifi yake kwana da inda yake kiwo sai ya haɗa da koton ƙarfe, ya riƙa bin gaɓa yana jifa yana naɗowa, yana ƙirga daƙiƙun da koton ke nutsewa kafin ya fara naɗi har ya gano zurfin da cizo yake zuwa. Inda doka ta yarda da sanda biyu, a kafa ɗaya da PowerBait a riƙe ɗayar a hannu. Inda ba ta yarda ba, a fara da kwaɓin da sassafe, idan an sami kifi biyu ko uku na tukunya sai a yanke ƙugiyar mai baki uku a ɗaura koton ƙarfe mai ƙugiya ɗaya da aka danne ƙayarta.