Allo, rediyo ko waya: ina ya kamata kuɗin tallarka su fara shiga a Sakkwato?

Ƙanwata tana haɗa yajin daddawa da na ƙuli a Mabera. Bara da ta kwashi adashi, kafin in ankara ta kai rabinsa wajen masu buga bana, wato ƙyallen talla da ake ratayewa. Aka yi mata wata ƙatuwa, ja da rawaya, aka ɗaure a katangar da ke kallon yamma. A watan Fabrairu aka rataya ta. Kafin ruwan farko ya sauka jan ya koɗe, lambar wayar sai ka matso kake iya karantawa, iskar farkon damina kuma ta yage gefe guda. Na tarar da ita a naɗe a bayan ƙofa. Ta ce mini, "Yaya, wanga abu ya ci mini kuɗɗi a banza." Abin ya dame ni, don na san daren da ta kwana tana daka.

Kafin a zo ga abin da za a saya, a tsaya kan suna. Ka zaga Babbar Kasuwa ko Titin Ahmadu Bello ka ƙirga shagunan da ke amsa Alheri ko Nasara. Sunaye ne masu kyau, amma idan mai saye ya ce wa ɗan kabu-kabu ya kai shi Alheri, wanne za a kai shi? Zaɓi suna gajere wanda tsohuwa da yaro za su iya faɗa, ka duba ko wani ya riga ka a hukumar CAC mai rajistar sunayen kasuwanci, sannan ka kashe kuɗin bugawa. Rajistar sunan kasuwanci daban take da rajistar tambari. Ta tambari a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta tarayya ake yin ta, tana ɗaukar shekara 7 da farko, daga nan a riƙa sabuntawa duk shekara 14. Mai ƙaramin jari zai iya jinkirta wannan. Mai ƙulla abinci kuwa, lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta fi masa gaggawa, don manyan kantuna kan nemi ganinta kafin su ɗora kaya a kanta.

Allo iri uku ne a gabanka. Bana ita ce mai araha, ana gama ta a yini ɗaya, tana ɗaukar hoto. Amma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kwananta ƙirgagge ne. Ta dace da abin da ke da ranar ƙarewa: rangwamen Sallah, buɗe shago, kayan azumi. Allon ƙarfe ko rubutun fenti a bango ya fi tsada a ranar farko, sai dai yana shekaru, idan ya dushe mai fenti ya bi sahunsa da goga. Ni shi nake ba mai shago a bakin titi shawarar ya saya. Suna, abin da ake sayarwa, lamba ɗaya, da manyan baƙaƙe da mai wucewa a kan babur zai karanta ba tare da ya taka birki ba. Allo mai fitila sai ga wanda cinikinsa na dare ne, kamar mai tsire ko kantin magani, kuma sai in yana da sola.

Abin da mutane ke rainawa shi ne sitika da leda mai suna. Allo yana tsaye inda aka kafa shi, sitika kuwa tana shiga ɗakin girki. Kwalbar yaji takan yi wata guda a kan tabarmar cin abinci, baƙuwa ta ɗanɗana, ta juya kwalbar, ta ga lamba. Ga matar da ke sana'a a cikin gida, mai turaren wuta, mai dubulan, mai humra, ban san tallar da ta kai wannan sauƙi ba. Ki nemi a nuna miki samfur tukun, ki shafa masa mai da ruwa ki gani ko tawadar za ta zuba. Ki karanta lambarki sau uku kafin a buga, don kuskuren lamba ɗaya yana lalata guda ɗari biyar.

Rediyo na wanda masu sayensa ba sa yini a intanet ne. Mai taki, iri, maganin dabbobi ko injin ban-ruwa, wanda ke jiran manoman albasa daga Goronyo, Wurno ko Kware, gidan rediyo irin Rima zai kai muryarsa har fadama. Sharaɗinsa maimaici. Sanarwa ɗaya ba ta zama a kunne, in kuɗinka na sau biyu ne kawai, ajiye su. Tambayi ƙarfe nawa za a saka, ka nemi a rubuta maka, ka kuma saurara da kanka. A karanta ta da bakin mutanen nan, kuma a yi kwatance da abin da kowa ya sani, kamar Kasuwar Kara ko shataletalen Dandima, domin mai riƙe da fartanya ba zai rubuta lamba goma sha ɗaya ba.

A waya, fara da na kyauta. WhatsApp Business yana ba ka damar jera kaya da farashi. Amma sitatus awa 24 yake yi, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna yake gani, saboda haka riƙe tsofaffin masu saye yake yi, ba ya kawo baƙi. Tallar biya a Facebook da Instagram ita ke kawo baƙi, kuma tun 2022 ana ɗora mata harajin kashi 7.5 cikin ɗari. Inda ake asara shi ne barin yanki a buɗe: mai sayar da fura a Runjin Sambo ya biya kuɗi mutumin Fatakwal ya kalli hotonsa. Taƙaita shi ga birnin. Mai jakar fata ko kilishi da ake aikawa a mota har Abuja, shi ne zai buɗe. Masu tarin mabiya a TikTok kuma, kafin ka tura musu ko sisi ka ce su nuna maka garuruwan da mabiyan suke, manhajar tana nuna musu.

Ƙanwata da ragowar kuɗin ta buga sitika, fara da rubutu baƙi. Na sa ta ja layi a littafin bashinta, duk sabuwar da ta kira ta tambaye ta inda ta samu lambar. Da na duba shafin kafin Babbar Sallah, "a jikin kwalba" ne ya fi yawa. Yanzu tana tara kuɗin allon ƙarfe, ɗan ƙarami, na bakin lungu.