Chromebook a Developer Mode: abin da ake samu da abin da ake rasawa

Na yi watanni ina aiki da Chromebook, kwamfutar da ke tafiya da tsarin ChromeOS na Google, mai injin Intel a Developer Mode, wato yanayin da ke cire kariyar tsarin don mai kwamfutar ya iya sauya shi. Yana yin duk abin da aka ce zai yi, amma yawancin masu neman buɗe shi ba shi suke buƙata ba.

Buɗewar kanta ba wuya. A danne Esc da maɓallin Refresh, sannan a taɓa maɓallin kunnawa. Allon gyara zai fito yana neman filashi. Kada a saka komai, a danna Ctrl da D, sai Enter. A sababbin samfura ana bi ta Advanced options ne a zaɓi Enable developer mode. Daga nan kwamfutar za ta share duk abin da ke cikinta: asusun da aka shiga, fayilolin Downloads, har kalmar sirrin Wi-Fi. Da gangan aka tsara haka, don kada wanda ya tsinci kwamfutar wani ya buɗe ta ya karanta sirrinsa. Saboda haka a kwashe kaya tun kafin a fara. Idan kuwa ta makaranta ce ko ta ofis da aka yi wa rajista, sau da yawa an riga an toshe wannan ƙofar, kuma mai kula da asusun ne kaɗai zai iya buɗe ta.

Abin da ya fi damuna shi ne allon gargaɗin da ke fitowa duk lokacin da aka kunna, mai cewa OS verification is OFF, wato an kashe kariyar tashi, mai duba tsarin idan an kunna. Idan ba a danna Ctrl da D ba, sai an jira daƙiƙa 30, kuma kwamfutar za ta yi ƙara sau biyu, ƙarar da rage sauti ba ya hana ta. Wannan mai sauƙi ne. Matsalar ita ce allon da kansa yana gayyatar mutum ya danna dogon maɓallin tazara don a mayar da kariya. Yaro ko abokin aiki ya ari kwamfutar, ya ga rubutu mai kama da gargaɗin lalacewa, ya bi umarnin, ya tabbatar da Enter, shi ke nan an koma gidan jiya kuma komai ya goge. Duk wanda ba shi kaɗai yake taɓa kwamfutarsa ba, ya yi tunani sau biyu.

Ribar kuwa ita ce cikakken iko. Ctrl, Alt da T suna buɗe crosh, tagar rubuta umarni ta ChromeOS, a rubuta shell a shiga cikin tsarin. Sai dai tun daga ChromeOS 117 umarnin sudo, mai ba da cikakken iko, ba ya aiki ta nan, abin da ke rikita masu bin tsofaffin bayanai. Yanzu sai an danna Ctrl, Alt da F2, wato maɓalli na biyu bayan Esc a layin sama, a shiga da sunan chronos. Aikin farko a nan shi ne chromeos-setdevpasswd, umarnin sa kalmar sirri, domin kafin a sa kalmar sirri duk wanda ya zauna gaban kwamfutar yana da ikon da mai ita yake da shi. Umarnin crossystem dev_boot_usb=1 yana ba da damar tashi daga filashi da Ctrl da U, amma filashin da ke ɗauke da tsarin ChromiumOS, tushen da aka gina ChromeOS a kansa, kawai yake karɓa. Don Linux na yau da kullum sai dev_boot_altfw=1 da Ctrl da L, kuma ba kowane samfuri ne ke zuwa da abin da zai sa hakan ya yi aiki ba.

A lura, Developer Mode bai cire kariyar firmware ba, wato abin da ke hana a sauya manhajar da ke tada kwamfutar. A tsofaffin samfura wata ƙusa ce a jikin babban allon cikin kwamfutar da ake kwancewa, a sababbi kuma sai an cire igiyar batiri ko a yi amfani da wani kebul na musamman mai suna SuzyQ. Kafin a kai nan, a tanadi filashi mai 8GB ko fiye, a zuba masa tsarin gyara da Chromebook Recovery Utility. Wanda ya sa Linux kai tsaye kuma ya shirya fama da lasifika da maɓallan layin sama, su ne suka fi yawan ƙin aiki.

Mai son rubuta manhaja, ya yi amfani da Python, Git ko VS Code, ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin wannan wahala. A cikin Settings, sashen Developers, akwai Linux development environment. Yana girka Debian, wani nau'in Linux, a keɓe, yana ba da shawarar fili 10GB, ba ya goge komai, kuma kariyar tashi tana nan daram. Ni kaina da na duba ayyukan da nake yi kullum, kusan duka a can suke gudana. Developer Mode ya dace ne da mai son taɓa tsarin kansa, ko mai tsohuwar Chromebook da ta daina samun sabuntawa yana son ɗora mata wani tsarin daban.