MiFi a aljihun mai bin kasuwannin kara: ko tana isa a yi intabiyu a kan hanya?

Kasuwannin kara ne ke tsara mini mako. Wakilin wani kamfanin magungunan dabbobi ne ni, ina kai wa masu shaguna maganin tsutsa, na hanta, na sammore da na wankan kaska, in karɓo kuɗin tsohon kaya in rubuta odar sabo. Lahadi Dambatta, Laraba Potiskum, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil. Litinin da Talata kuma ana zagayen gidajen gona da masu kiwon kaji, ko a zauna rubuta rahoto idan oga bai ƙirƙiro wata tafiya ba. Aikin ba laifi, amma baya ya fara ƙorafi, yara suna girma ba na nan, shi ya sa na fara neman wani a ɓoye.

Neman bai wahalar da ni ba, don takarda ko a cikin mota kana iya turawa. Wahalar tana zuwa ne ranar da aka ce an zaɓe ka. Saƙo zai shigo Litinin da yamma: intabiyu ranar Laraba ƙarfe goma sha ɗaya na safe, ga adireshin Zoom ko Teams, manhajojin ganawa ta bidiyo. Duk wanda ya san karar Potiskum ya san me ƙarfe goma sha ɗaya na Laraba ke nufi. Lokacin ne tireloli ke lodi, dillalai na tafa hannu, mai shago kuma lokacin kuɗi ke hannunsa. In ka bar shi zuwa la'asar, ya riga ya biya wani.

Da farko da hotsfot ɗin wayata nake haɗa laftof. Matsalar ita ce wayar ita ce ofishina. A wayoyi da yawa, idan ba a kunna kiran murya ta 4G ba, da zarar kira ya shigo sai wayar ta sauka zuwa 3G ko 2G don ta amsa shi, data kuma ta tsaya ko ta yi rarrafe. Ko ka katse kiran, hotonka ya riga ya daskare a gaban mutanen da kake so su ɗauke ka aiki. Kwastomomina kuwa ba sa kira sau ɗaya su haƙura. Ga zafin da wayar ke ɗauka, ga caji na zuba. Wannan ne ya kai ni kasuwar waya ta Farm Centre a Kano na sayi MiFi, wato ƙaramar na'urar nan ta aljihu da ake sa wa layi ta riƙa ba da waifai.

Tawa ta 4G ce, ba ta kai tafin hannu ba, batirinta ana cirewa, tana ɗaukar na'urori har goma a lokaci guda, kodayake ni biyu kawai nake haɗawa. Abin da na biya bai wuce kuɗin kwana biyu a matsakaicin masauki ba. Tambayar da ta fi kowacce muhimmanci a wurin saye ita ce: buɗaɗɗiya ce ko kullalliya? Waɗanda kamfanonin layi ke sayarwa sun fi araha, galibi ma da kyautar data, amma layinsu kaɗai suke karɓa. Ga mai zama wuri ɗaya wannan ba komai ba ne. Ga mai kwana yau a Azare gobe a Gumel, kullalliya rabin na'ura ce. Yaron shagon ya ce mini, "Yallaɓai, wannan kowane layi tana ci." Na ce, "To bismilla, mu gani." A gabana ya sa mata layuka biyu daban-daban, kowanne ya kawo, sannan na ƙirga masa kuɗi. Kowa ya yi haka, ba don zargi ba, don kwalayen duk kamanninsu ɗaya. A tuna kuma, tun daga Disambar 2020 da aka wajabta haɗa layi da lambar NIN, layin data ma sai an yi masa rajista kamar na kira, saboda haka kada a bari sai daren intabiyu.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne ainihin abin da na saye ta dominsa: ba wanda ke da lambar layin da ke cikinta. Waya na iya ruri a aljihu har ta gaji, hotona bai motsa ba. Wannan kaɗai ya biya kuɗinta.

Batiri kuwa a yi hattara da abin da aka rubuta a kwali. Idan saƙonni kake dubawa, tana kai ka daga safe har azahar. Idan bidiyo ne, kuma sabis ba shi da ƙarfi, na'urar tana ƙara ƙoƙarin kamo eriya, cajin sai ya riƙa tafiya da sauri. Awa ɗaya na intabiyu tana ɗaukewa ba matsala in ka fara da ita a cike, amma ni dai ba na zama sai da fawa-banki a maƙale. Babban abokin gabarta zafi ne. A watan Afrilu a Yobe, inda rana ke wuce digiri 40, in ka bar ta a gaban mota za ka tarar ta kashe kanta, batirin irin wannan kuma zafi na kumbura shi. Tawa a cikin jakar takardu take zama, ƙarƙashin kujera.

Maganar sabis ita ce inda mutane ke yaudarar kansu. MiFi ba ta ƙirƙiro sabis. Inda babu, babu. Abin da take ba ka shi ne 'yancin ajiye ta inda sabis ɗin yake, kai kuma ka zauna inda ya dace da kai. A wani masauki a Hadejia, cikin ɗaki sandar sabis ɗaya ce, bakin tagar banɗaki kuwa a cike. Can na ɗora ta a kan kwalin sabulu, ni kuma ina zaune a kan kujera da farar riga, bango mai tsabta a bayana. Da waya ce a hannuna da sai dai in yi intabiyun a banɗakin.

Sandunan nan ma ba su ne ma'auni ba. Na koyi buɗe Speedtest, manhajar gwada saurin intanet, in duba lamba ta biyu, wato saurin aikawa, don shi ke ɗauke da fuskarka da muryarka zuwa wurinsu. Zoom na buƙatar kusan megabit 1.2 a daƙiƙa don hoto mai kyau tsakanin mutum biyu, kuma yana iya lallaɓawa da rabin haka. Sau da yawa saukewa na gudu, aikawa na jan ƙafa, sai kai kana ganinsu sarai, su kuma suna ta "ba ma jin ka". Kuma gwajin daren jiya ba ya ba da labarin safiyar kasuwa. Garin da ke shiru ranar Talata, Laraba dubban mutane ne a kan eriya ɗaya, kowa na tura hoton sa ko tunkiya ga mai saye a Kudu. Saboda haka ranar kasuwa nakan fita daga tsakiyar gari, in nufi wajen da makarantu da ofisoshin gwamnati suke. A nan ne amfanin layi biyu ke fitowa: ban taɓa samun layi ɗaya da ya ci duk garuruwan nan ba. Wanda ke tashi a Potiskum shi ke kwanciya a Gumel. Sai dai ramin layi ɗaya ne da ita, canzawa sai ka buɗe murfi ka cire batiri, ka jira ta sake tashi. Wannan babban aibi ne a wurina, don ba abin da za ka yi ana tsakiyar tambayarka ba ne.

Maigatari tana da nata salon. Garin a bakin iyakar Nijar yake, na'ura kan iya tsallakawa ta kama sabis ɗin can ba tare da ta yi shawara da kai ba, datarka ta Najeriya kuma ba ta aiki a kansa. Maganin yana cikin shafin saitinta, wanda ake shiga ta burauza da lambobin da ke rubuce a ƙarƙashin batiri: a kashe yawon ƙetare, a zaɓi kamfanin layi da hannu. Shafin da Turanci yake, rubutun ƙanana, kuma takardar da ke cikin kwali ba ta yi bayanin wannan ba ko kaɗan. Wanda bai saba ba ya sa a saita masa tun a shago.

Data fa? Ka ƙiyasta kusan giga ɗaya a awa idan kyamara a kunne take. Tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, giga ɗaya ba abin wasa ba ne, amma intabiyu ba kullum ake yi ba. Ɓarawon gaske laftof ne. Da ya ga waifai sai ya ɗauka na gida ne marar iyaka, ya fara sauke sabuntawar Windows a ɓoye, ya cinye datar ya kuma toshe hanyar. A shiga saitin waifai a nuna masa cewa wannan layin a ƙirge yake, sai ya natsu. Wani abin lura: Zoom na kyauta yana yankewa bayan minti 40. Idan ƙaramin kamfani ne ke ganawa da kai aka ga komai ya ɗauke daidai nan, ba na'urarka ba ce, sake shiga kawai za ka yi.

Duk wannan sabis ne. Lokaci da wuri kuwa ba a sayar da su a Farm Centre. Yawancin masaukai sha biyun rana suke so ka fita, janareta kuma sai magariba, ga mai shara na ƙwanƙwasa ƙofa. Cikin mota ya fi shiru, amma in ka rufe gilashi ba iska gumi zai wanke ka, in ka kunna inji ƙararsa na shiga, kuma direban kamfani ne, yana da kunne yana da baki. Malam direba mutumin kirki ne, sai dai abin da mutum biyu suka sani ya tashi daga sirri. Wurin da ya fi yi mini daɗi shi ne ofishin wani likitan dabbobi abokin hulɗa, wanda ranar kasuwa shi ma yana kara, ɗakin a buɗe ba kowa. Na ce masa, "Likita, ina da taro ta intanet na awa ɗaya." Ya miƙo makulli bai tambayi komai ba. A haɗa da abin kunne mai waya, ba na bulutut ba, don shi ba ya mutuwa ba ya neman caji.

Abin da na'urar ta canza a gaskiya shi ne yadda nake amsa gayyata. Da can nakan ji tsoron neman a sauya lokaci, don ban san inda zan kasance ba balle in yi alkawari. Yanzu ina amsawa a ranar, in ce aikina na fili ne, Laraba da safe ina bakin aiki, amma ga lokuta biyu da na tabbata: ƙarfe takwas na safiyar Laraba kafin kasuwa ta cika, ko Talata bayan la'asar. Ba na cewa "duk lokacin da ya yi muku", don wannan mayar musu da aikin ne. Yawancinsu sukan ɗauki ɗaya. Wata jami'ar ɗaukar ma'aikata ma cewa ta yi ai mai yawon fili suke nema, da na ce ina zaune a gida kullum da ta yi mamaki. Akwai dai masu cewa kwamiti ne, ranar ɗaya ce, ko ka zo ko ka bari. Irin wannan sai ka auna ko aikin ya kai ka rasa cinikin safiyar.

Masu neman aiki a ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa su lura da agogo. Nairobi tana gabanmu da awa biyu, Accra da Dakar suna bayanmu da awa ɗaya, Landan kuwa daidai take da mu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watannin tana baya da awa ɗaya. Ga mai bin kasuwa wannan wani lokaci alheri ne: ƙarfe tara na Nairobi bakwai ne a nan, ka gama ka karya kumallo kafin a sauke shanun farko.

Akwai ranar da babu dabarar da za ta yi. Waɗanda suka yi aiki a Zamfara a Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa saboda matsalar tsaro, har abin ya shafi sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, sun san cewa buɗaɗɗiya da kullalliya duk ɗaya suke in an kashe eriya. Haka zagayen ƙarshe, wanda galibi sai an ga mutum ido da ido a Abuja ko Legas. Nan hutunka za ka ci. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaci aƙalla kwana shida na hutu da albashi bayan wata goma sha biyu yana aiki, kamfanoni da yawa kuma suna ba da fiye da haka. Ni na daina kashe nawa gaba ɗaya a lokacin salla, ina ajiye wasu saboda irin wannan kiran. In jirgi za a hau, fawa-banki a jakar hannu yake tafiya, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Mai 20,000mAh yana ƙasa da iyakar da aka saba yarda da ita.

Zan ba abokin aiki shawarar ya saya? In yana kwana a garuruwa irin Azare, Hadejia, Gumel da Potiskum, ƙwarai kuwa, da sharaɗin buɗaɗɗiya ce kuma yana da layi biyu. In aikinsa a rugage ne da ƙauyukan da ko kira sai an hau tudu, kuɗin ya fi amfani a man da zai kai shi gari mafi kusa. Ta 5G ban ga dalilinta ba tukuna: MTN ta fara shi a 2022, Airtel a 2023, amma a manyan birane yake, ni kuma a birni ba ni da matsalar sabis. Bakin cajin tawa irin na tsofaffin wayoyi ne, dole in riƙa yawo da igiya ta daban saboda ita, ya kuma fara sassautawa. In ta mutu, wadda zan nema ita ce mai ramin layi biyu da wurin maƙala eriyar waje.