Sharhi: sabon rufin bak alu a gidanmu na Tawa, bayan damina ta gwada shi

Na jinkirta wannan sharhi da gangan sai da damina ta wuce, domin da rani kowane rufi mai kyau ne. Yanzu an gama girbi, hunturu ya fara busowa, kuma ɗakin Inna bai ga ɗigo ba. Kwanon da muka saya, wato bak alu, kwanon alminiyom, ya yi, mai waldar da ya ɗora shi ya fi kwanon yi, amma akwai abubuwan da suka ɓata mini rai, su ma zan faɗe su.

Gidan yana unguwar Garkawa, jerin ɗakuna ne na bulo da marigayi mahaifinmu ya rufa da tol, wato kwanon ƙarfe, a kan katako. Irin ginin nan ne da aka saba gani a Tawa da Yamai: a ja katanga sama ta zagaye rufin ta ɓoye shi, a bar indararo biyu su fitar da ruwa. Kowace bazara sai yaro ya hau da kwalta da tsumma yana liƙe huji, har rufin ya zama faci a kan faci. Daminar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin Damagaram, ita ta kawo ƙarshen wannan dabara. Silin ɗakin Inna ya jiƙe ya kumbura, wata safiya ya zubo a kan gadonta, Allah ya sa tana waje tana alwala.

Masu aikin da suka fara zuwa duk daga tsakar gida suka ɗaga kai suka yanke kuɗi. Wanda muka ɗauka, wani dattijo mai walda da maƙwabcinmu ya haɗa mu da shi, tsani ya nema da bokitin ruwa. Ya hau, ya kwarara ruwan daga can saman rufin, ya kira ni in zo in gani. Ruwan bai gangara ba. Ya taru a mahaɗar kwano biyu, ya tsaya, sannan a hankali ya sulale ta ƙarƙashin na sama ya ɓace.

"Ka gani, ɗana? Ko kwanon Makka ka ɗora a nan, baɗi sai ya yi yoyo. Rufin ba shi da gangara."

"To Baba, me za a yi?"

"A ƙara wa bangon baya bulo, a sauke katangar gaba."

Ya nuna mini sauran ciwon. An buga ƙusoshi a cikin kwarin kwanon, inda ruwa ke bi, maimakon a kan tudunsa, kowace ƙusa ta yi zoben tsatsa. Indararo sun toshe da leda da ganyen dogon yaro. Katakon kuwa gara ta cinye cikinsa, ya sa yatsa ya danna sai ga shi ya burma.

Batun sauke katangar gaba shi ne ya jawo gardama. Inna ta ce gidan zai koma kamar rumfar kasuwa. Dattijon ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce, "Hajiya, katangar nan ita ke riƙe miki ruwa a kai." Ba ta yarda a ranar ba, amma ta yarda. A ganina wannan shawara ita ce kuɗin aikin gaba ɗaya, sauran duk wani ma zai iya.

Ya cire katako ya sa ƙarfe mai kusurwa huɗu, ya shafe shi da fentin hana tsatsa tun yana ƙasa, ya ɗaure shi da rodi a cikin kankaren saman bango. Wannan ɗauri ba ado ba ne, duk wanda ya ga yadda guguwar farkon damina ke kwashe rufi ta jefa shi gidan maƙwabta ya san dalilin da ya sa mutane ke jera duwatsu a kan kwanonsu. Tsakanin ƙarfen da kwanon ya shimfiɗa ƙyalle mai kwalta, domin alminiyom idan ya manne da baƙin ƙarfe kuma laima ta shiga tsakani, cinyewa yake yi daga nan. Kwanon an yanko shi daidai tsawon ɗaki, daga bangon baya har ya leƙo gaba, babu mahaɗa a tsakiya. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya jera gefunan: ya fara daga yamma, kowane falle na gabas yana hawa kan na yamma, saboda hadarinmu daga gabas yake tasowa, iska ba za ta sami bakin da za ta cusa ruwa ba. Ƙugiyoyin da ke riƙe kwanon kuma duk a kan tudu, kowace da robarta.

A kan kwanon kansa, a kula da kauri. Bak alu ana sayar da shi 5/10 ko 6/10, har 7/10, wato rabin milimita zuwa sama kaɗan. Mu 6/10 muka biya. Kayan da aka fara kawowa daga shagon, dattijon ya kama gefen falle ɗaya ya lanƙwasa da yatsu biyu, ya ce a mayar. Mai shagon ya rantse kuskuren yaransa ne. Wallahu a'alamu. An dai canza, amma kuɗin amalanke na biyu daga aljihuna ya fita. Kwano da ƙarfe su suka cinye mafi yawan kuɗin, kuma ƴan kasuwa duk bakinsu ɗaya: tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya sai sun zagayo ta Lome da Burkina, ko su shigo ta Konni. Siminti ne kawai bai ba mu wahala ba, ga Malbaza nan cikin jiharmu, kuma gwamnati ta rage farashinsa bayan ambaliyar 2024.

Inda aikin ya gaza kuwa, alkawari ne. Dattijon ya karɓi kafin alkawari mai tsoka, ya yaye rufin, sannan ya ɓace zuwa wani aiki a bayan gari. Inna ta koma ɗakin matar ƙanena, kayanta a jibge a zaure ƙura na hawa. In na kira sai ya ce gobe da yardar Allah. Da ya dawo kuma ɗaukewar wuta ta riƙa tsayar da walda, sai da na yi hayar injin wuta, wanda babu shi a cikin lissafin farko. Yaransa ba su san shara ba: gutsattsarin kwano masu kaifi da tsofaffin ƙusoshi suka bari a tsakar gida inda jikoki ke yawo ba takalmi. Tsohon tol ɗin ma sai da na tsaya a kansa, don wasu fallayen sun riga sun kama hanyar ƴan gwangwan ba da sanina ba.

Ruwan Agusta ya tona wuri ɗaya, inda rufin kicin ya jingina da bangon maƙwabci. Siminti kawai aka shafa a wurin, shi kuma kwano yana miƙewa da rana ya tsuke da dare, sai simintin ya tsage. Na kira shi, ya zo da kansa, ya sassaƙa layi a jikin bangon ya cusa wani falle da ya lanƙwasa ya rufe mahaɗar. Bai karɓi ko dala ba. Wannan ya wanke masa rabin laifinsa a wurina.

Masu tambaya ko bak alu yana rage zafi, amsata ita ce kaɗan. Yana sheƙi yana mayar da rana lokacin da yake sabo, amma ƙurar Tawa ba ta barin abu ya daɗe yana sheƙi, kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 ba kwano ke tare shi ba. Abin da ya taimaka shi ne sabon sili da ƴan tagogin iska da aka bari tsakaninsa da rufin. Akwai kuma ƙara. Da magariba in kwanon ya fara hucewa sai ka ji ƙas, ƙas, har Inna ta taɓa aiken yaro ya duba ko wani ne a sama. Ruwa mai ƙarfi kuma ba a jin rediyo.

Zan sake ba shi aiki, amma kuɗi kashi-kashi, kuma ba za a yaye rufi ba sai duk kayan sun sauka a gida an duba su. Wanda zai yi, ya yi tsakanin Janairu da Maris, kafin masu walda su yi tsada da zuwan hadari. Saura abu ɗaya da ba mu yi lissafinsa ba: yanzu da ruwan ke zubowa ta gaba gaba ɗayansa, ya haƙa rami a bakin ɗakuna. Dattijon ya ce a sa magudana a bakin kwanon a kai ta cikin tano, ya kuma faɗi kuɗinsa, ina jira a shiga sabuwar shekara.