Majigin tebur da aka saka mana a gidan tsofaffi

Duk mai aiki a gidajen kula da tsofaffi a nan Ingila ya san irin wannan majigin, wanda ake maƙalawa a silin ya hasko hotuna a kan tebur, in ka kai hannu hoton ya motsa. Asalinsa daga Holland ne, wata Hester Le Riche ta ƙirƙiro shi lokacin da take digirin digirgir a jami'ar Delft, ya shiga kasuwa a 2015 da sunan Tovertafel. Namu ba na wannan kamfanin ba ne, wani mai ɗan sauƙi manajarmu ta samo, aka ɗora mini shi tunda ni ke tsara wa tsofaffin abin ɗebe kewa a gidanmu da ke wajen Bradford.

Wata tsohuwa ce ta sa ni wannan rubutu. A masaƙar ulu ta yi ƙuruciyarta, kamar da yawa daga cikin matan garin nan, yanzu kuma ciwon mantuwa ya ci ƙarfinta. Ƙungiyar Alzheimer's Society, mai tallafa wa masu ciwon mantuwa, ta ce wajen kashi 70 cikin ɗari na mazauna irin gidajen nan suna fama da shi ko kuma da tsananin mantuwa, amma nata ya yi nisa. Ba ta magana. Yini take a kujera, hannu dunƙule a cinya. Wasan lambobi na bingo, fenti, kiɗa, babu wanda ban gwada ba, ko ɗaga ido ba ta yi.

Ranar da na kunna wasan ganye, busassun ganyaye suka zubo a teburin. Sai na ga yatsunta sun buɗe. Ta miƙa hannu ta fara sharo su gefe guda a tsanake, kamar mai tara gero a shanya. Wani dattijo da ke kusa da ita ya sa hannu ya watsa su, ai kuwa ta buge masa hannu ta daka masa tsawa wai ya bar mata abinta! Abokiyar aikina da ke rabon shayi ta tsaya cak da kofi a hannu. Wallahi sai da na juya baya na share ido. Da 'yarta ta zo ranar Lahadi na sake kunnawa, suka zauna suna tara ganye tare har aka kira abincin rana. A lokacin da an tambaye ni, da na ce kowane gida ya saya ko da bashi ne.

To amma fa da bazara ta shigo, rana tana kaiwa ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba, hoton ya dushe, da ƙyar ake ganinsa. In na ja labule kuma tsofaffin su ɗauka dare ya yi, wasu su kama gyangyaɗi, wasu su tashi neman ɗakinsu. Wanda ya zo ya saka mana bai ce uffan a kan haske ba. Sannan da shekara ta zagayo, yawancin wasannin suka kulle, har da na ganyen, sai an sake biya. Na kira kamfanin, aka yi ta miƙa ni daga wannan zuwa wancan, ƙarshe aka ce ai yana cikin takardar da aka sa wa hannu. Tsohuwar nan tana shafa tebur babu komai a kai, ni kuma ina jiran ofis ya amince da kuɗi. Wannan ya ƙona mini rai ƙwarai.

Wasu wasannin ma na yara ne zalla. Wani tsohon malamin makaranta ya kalli kifaye suna iyo a teburin ya ce shi ba jariri ba ne, ban ga laifinsa ba. Kuma majigin ba ya aiki shi kaɗai, sai mutum ya zauna yana jan hankalinsu. Ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci, haka zai yi ta haska teburin da ba kowa.

An dai biya, ganyen ya dawo. In manajarku ta zo da zancen saye, ku ce a rubuta muku abin da zai rage bayan shekara guda, kuma a gwada shi da tsakar rana a ɗakin da za a saka.