Dutsen Ogatsu a shagona na Agege: bayan wata biyar ana aiki da shi

Ƙanena da ke fataucin kayan gyaran mota tsakanin Japan da kasuwar Ladipo ne ya kawo mini tsarabar abubuwa biyu har shagona da ke Agege: dutsen niƙa tawada wanda Japanawa ke kira suzuri, da wani faranti baƙi wuluk, dukansu an sassaƙa su daga dutsen Ogatsu. Da yake sana'ata rubutu da zayyana ce, sai na ƙi yin gaggawar yanke hukunci har damina ta riske su a hannuna.

Ogatsu yanki ne a bakin teku cikin birnin Ishinomaki, a lardin Miyagi da ke arewa maso gabashin Japan, kuma kimanin shekara 600 ke nan mutanensa na wannan sassaƙa. Akwai lokacin da kusan kashi 90 cikin 100 na duwatsun tawadar da ake yi a ƙasar daga can suke fitowa, sannan a 1985 gwamnati ta sanya aikin cikin sana'o'in gargajiya da take kulawa da su. Ambaliyar teku ta ranar 11 ga Maris 2011 ta share mafi yawan wuraren aikin, ta bar masu sana'ar 'yan ƙalilan, abin da ya sa ba na iya riƙe dutsen nan kamar wani kayan kanti.

Fuskarsa tana da tudu inda ake goga sandar tawada, wato busasshiyar tawada da aka dunƙule kamar 'yar sanda, da wani ɗan kwari a gaba inda ruwan ke taruwa, wanda Japanawa suke kira teku. Masassaƙin yana tokare ƙotar ƙarfensa da kafaɗa ne ya tura da nauyin jikinsa, kuma idan aka shafa gangaren da ke tsakanin tudun da kwarin da yatsa, ba a jin ko da gargada ɗaya. Sai dai santsin nan yana ɓoye wasu ƙananan haƙora da ido ba ya gani, su ne ke cin sandar a hankali. Nakan ɗiga ruwa kaɗan, in yi ta murzawa ba tare da dannawa ba kamar minti goma, har tawadar ta yi kauri da sheƙi. Da na tsoma alƙalamin kara na ja layin farko, tawadar ta bi takarda ba guda ba tsaki, irin abin da mu da muka saba haɗa baƙin tukunya da ƙaro muke shan wahalar tacewa kafin mu samu. A wannan fanni dutsen ya cika alkawari, har ya zarce abin da na zata.

Wajibi ne in ja hankalin 'yan'uwana marubuta kan abu guda. Sandar tawadar Japan ana yin ta ne da baƙin hayaƙi da danƙon da ake dafawa daga fatar dabbobi, kuma idan ta bushe a takarda ba ta wankuwa da sauƙi. Saboda haka ban taɓa kusantar allo ko rubutun sha da ita ba. Na keɓe ta ga zayyanar takarda kawai. Laimar Legas ma tana damun sandar, dole a goge ta bayan aiki a adana a busasshen wuri, shi kuma dutsen a wanke shi nan take kafin tawada ta daskare ta toshe haƙoransa.

Farantin bai burge ni kamar haka ba, kodayake yana da kyan gani ƙwarai. Idan aka sanyaya shi a firji yakan daɗe da sanyi, kuma ranar da uwargida ta jera yankakken abarba da kankana a kai, baƙi sun yi ta tambayar inda aka samo shi. Amma shimfiɗaɗɗe ne ba shi da zurfi, ba zai riƙe miya ba, wuƙa tana barin zane a jikinsa, kuma gefensa ya ɗan ɓalle da ya bugi bakin wurin wanke-wanke. Ga tsire, kilishi da dabino ya dace. Ga gidan da yara ke wanke kwanuka kuwa, ba zan ba da shawarar sayensa ba, balle nauyinsa yana ƙara kuɗin dako. Na riga na roƙi ƙanena ya nemo mini ƙaramin suzuri na biyu a tafiyarsa ta gaba, domin almajirina ya fara koyon niƙa da hannunsa.